Tangaran zamanin yaƙi: tsakanin gadon iyali, kasuwar gwanjo da haƙƙin masu shi

A watan Oktoban 2024 hukumar buga kuɗi ta ƙasar Japan ta karɓi akwatunan katako 15 da aka gano a wani rumbun ajiya a birnin Kyoto, cike da tsabar kuɗi sama da 500,000 waɗanda aka gasa da yumɓu maimakon a ƙera su da ƙarfe. An yi su ne a 1945, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare kafin a sake su su shiga hannun jama'a. Shekaru uku kafin haka, a watan Satumban 2021, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da tarin tangaran na wasu iyalin Yahudawan Jamus a birnin New York kan kimanin dala miliyan 15. Irin waɗannan labarai ne suke sa mutane a Turai da Amurka da Japan su buɗe kabad ɗin kakanninsu, su ɗauko kofi ko farantin da aka ce musu na zamanin yaƙi ne, su kai wa masu kimanta kaya. Akasarinsu sukan dawo da labarin cewa abin da suke riritawa bai kai kuɗin motar da ta kai su ba. Wasu ƙalilan kuwa sukan tarar da cewa doka ta hana a baje abin da ke hannunsu a kasuwa, ko ma akwai wasu magada a wata ƙasa da suka daɗe suna cigiyarsa.

Abin da ake nufi da tangaran yaƙi

Tangaran dai su ne kayan yumɓu da ake gasawa da wuta mai tsanani, a shafe su da ruwan ƙyalli, kamar faranti da kofi da butar shayi da ƙananan mutum-mutumi na ado. Kusan kowace masana'anta takan buga tambarinta a gindin abin da ta ƙera, kuma wannan tambari shi ne abu na farko da masani yake dubawa idan an miƙa masa kaya, tun kafin ya kalli zanen da ke jiki.

Rikicewar da ake yi kan tangaran yaƙi ta samo asali ne daga haɗa kaya iri uku a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai kayan amfanin yau da kullum da aka ƙera bisa dokokin tsuke bakin aljihu na lokacin yaƙi. Akwai waɗanda aka yi takanas domin tunawa da yaƙin ko domin farfaganda. Sannan akwai tsofaffin tangaran da suka girmi yaƙin nesa ba kusa ba, amma yaƙin ne ya raba su da masu su. Masu riƙe da kayan su ma kashi biyu ne. Magaji yana daraja kofi saboda wanda ya sha shayi da shi, kamar yadda 'ya takan adana tasoshin jeren ɗakin mahaifiyarta ko da sun yi lamba, shi kuwa mai tara kayan tarihi abin da ya dame shi shi ne ƙarancin irin kofin a duniya da kuma lafiyarsa.

Birtaniya: shekaru goma na farin faranti

Cibiyar tangaran ta Ingila ita ce Stoke-on-Trent a yankin Staffordshire. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya masana'antun garin irin su Goss da Arcadian da Carlton sun riƙa fitar da ƙananan siffofin tankar yaƙi da harsashin igwa da motar ɗaukar marasa lafiya, kowanne ɗauke da tambarin wani gari, ana sayar da su da araha a garuruwan shaƙatawa na bakin teku. Da aka yi bikin zaman lafiya a watan Yulin 1919, garuruwa da yawa sun raba wa 'yan makaranta kofunan tunawa.

A Yaƙi na Biyu lamarin ya juya. A 1941 gwamnati ta sa an rufe masana'antu da dama aka tattara aiki a wasu 'yan kaɗan, domin ma'aikata su tafi fagen daga ko masana'antun makamai. A 1942 ma'aikatar ciniki ta hana sayar da tangaran masu zane da kala a kasuwar cikin gida, aka koma fari ko ruwan madara zalla, aka kuma riƙa buga haruffa irin su A da B da C a gindin kaya domin nuna rukunin farashin da hukuma ta ƙayyade. Dalilin a fili yake: yin zane yana cin hannun ma'aikata, kuma yana buƙatar a sake mayar da kaya cikin tanderu, wato ƙarin gawayi. Sai dai ba a daina yin masu adon ba, ƙetare ake kai su, musamman Amurka da Kanada, domin ƙasar ta samu dala. Wannan doka ba ta kau gaba ɗaya ba sai a 1952, shekaru bakwai bayan ƙarshen yaƙin. Ke nan ma'auratan da suka kafa gida a wannan tsakanin da fararen faranti suka fara, kuma irinsu ne jikokinsu suke gada a yau. An yi su da yawan gaske, shi ya sa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

A Amurka ma yaƙin ya taɓa kala. Kamfanin Homer Laughlin yana amfani da yuraniyom wajen haɗa jan ruwan ƙyallin farantansa masu suna Fiesta, sai gwamnati ta karɓe yuraniyom saboda aikin ƙera bam, jar kalar ta ɓace daga kasuwa har zuwa 1959.

Japan: lokacin da yumɓu ya maye gurbin ƙarfe

Babu ƙasar da yaƙi ya shiga cikin sana'ar yumɓunta kamar Japan. Ƙasar ba ta da wadatar ma'adinai, don haka a 1941 aka kafa dokar tattara ƙarfe, inda aka kwashe tukwanen gidaje da shingayen ƙarfe, har da manyan ƙararrawar wuraren ibada, aka narkar domin makamai. Garuruwan tangaran irin su Seto da Arita da yankin Mino aka ɗora musu nauyin cike gurbin. Suka riƙa gasa tukunyar girki da dutsen guga da maɓallan riga da tulun ɗumama gado, har da mazubin abinci mai murfi da aka yi domin ya tsaya a madadin gwangwani. A wannan zamani aka daina buga sunan masana'anta a yawancin kaya, aka koma buga harafi ɗaya da ke nuna yanki tare da lambar da hukuma ta ba mai tanderun. Wannan lamba ita ce a yau take tabbatar wa masu bincike cewa kwano na shekarun yaƙi ne, har ma ta nuna inda aka gasa shi.

Da ƙarfe ya ƙara ƙamfa a 1944, sai aka shiga yin gurneti na yumɓu, dunƙule kamar ƙwallo, ana ɗura masa abin fashewa. An yi amfani da su a faɗan Iwo Jima da Okinawa, kuma har yanzu ana ganin tarin fasassun kwansunansu a bakin wani kogi a Kawagoe, arewa da Tokyo, inda aka zubar da su bayan saranda. Tsabar kuɗin yumɓun ita ce matakin ƙarshe na wannan ƙamfa. An gasa kimanin miliyan 15 a Kyoto da Seto da Arita, aka niƙe akasarinsu bayan yaƙin. Waɗanda aka gano a Kyoto na sen ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin yen, jajaye-jajaye, ƙanana ƙwarai, gefe guda da hoton dutsen Fuji, ɗaya gefen da furen sakura.

Abin da ya fi zama gadon iyali a Japan shi ne ƙaramin kofin shan giyar shinkafa na sojoji. Al'adar ta yi ƙarfi tun daga yaƙin Japan da Sin na 1894 zuwa 1895. Idan saurayi zai tafi aikin soja, dangi da maƙwabta sukan yi masa gudummawa su raka shi. Idan ya dawo lafiya, sai ya sa a yi masa waɗannan kofuna ya raba musu a matsayin tukuici. Kofin bai wuce a riƙe shi da yatsu uku ba. A cikinsa akan zana tauraro idan sojan ƙasa ne, ko ƙugiyar jirgi idan na ruwa ne, da tuta da furen sakura, a rubuta lambar bataliya, sau da yawa har da sunan sojan da ruwan zinariya. A gidan da ya fito, wannan kofi shaida ce cewa ɗansu ya dawo. A Sin da Koriya kuwa, inda waɗannan bataliyoyi suka yi aiki, ana kallon tutar da ke cikinsa a matsayin alamar mamaya. Sojojin Amurka sun kwashi da yawa zuwa gida, don haka ake samun kofi mai sunan wani Bajapane a cikin kayan gadon iyalin da ba su iya karanta rubutun ba.

Bayan saranda, rundunar ƙawance ƙarƙashin Janar MacArthur ta ba da umarni a watan Fabrairun 1947 cewa kayan da Japan za ta fitar waje su ɗauki rubutun "Made in Occupied Japan", wato shaidar cewa an yi su a Japan da ke ƙarƙashin mamaya. An sassauta umarnin a 1949, mamayar kuma ta ƙare a ranar 28 ga Afrilun 1952. Yawancin kayan ƙananan mutum-mutumi ne da mazubin gishiri da kofunan shayi, da yawansu kwaikwayon na Turai, waɗanda aka sayar a shagunan araha na Amurka. Gajartar wa'adin tambarin ce ta ja hankalin masu tarawa daga baya, domin ba kasafai ake samun kaya mai arha da za a iya ƙayyade shekarunsa daidai haka ba.

Yadda kasuwa take yanka farashi

Kasuwar kayan tarihi ba ta biyan kuɗin wahalar da mai kaya ya sha. Abin da take dubawa shi ne ƙarancin abu, da lafiyarsa, da yawan masu nemansa, da kuma takardun da suka nuna hannayen da ya bi. Tsaga ɗaya ko ɓantarewar baki na iya karya farashi warwas, alhali a wurin iyali wannan tsagar ma tana iya zama tana da nata labarin.

Zuwan gwanjon intanet ya sauya lissafi. Kafin nan, mai neman wata siffar tankar yaƙi ta Arcadian sai ya yi ta zagayen kasuwannin tsofaffin kaya, yana ganin abin kamar ba ya samuwa. Da kowa ya samu damar ɗora kayan kakarsa a eBay, sai ta bayyana cewa abubuwa da yawa da ake zaton sun yi ƙaranci suna nan jibge a gidaje. Ga shi kuma tsarar da ta fi sha'awar tara irin waɗannan kaya tana tsufa, magadanta suna fito da su kasuwa a lokaci guda, masu saye kuma ba su ƙaru ba. Ko tsabar yumɓun Kyoto, da a ce an zuba ta a kasuwa maimakon a miƙa wa hukuma, yawanta kaɗai ya isa ya karya darajar 'yan kaɗan da ke hannun masu tarawa.

Inda kuɗi ya yi tsoka, jabu yakan biyo baya. Ana samun tsofaffin kaya marasa tambari da aka buga musu rubutun mamayar Japan daga baya, kuma masu tarawa sukan yi zargi idan tambarin yana saman ruwan ƙyalli yana gogewa cikin sauƙi. Labari ma yakan zama wani ɓangare na haja. Misalin da aka fi sani shi ne zanen shuɗiyar raga da Anna Yatskevich ta tsara a masana'antar Lomonosov ta birnin Leningrad na Rasha a 1944, shekarar da aka kawo ƙarshen ƙawanyar kwana 872 da Jamusawa suka yi wa birnin, zanen da ya samu lambar zinariya a baje kolin duniya na Brussels a 1958. Ana yawan cewa ragar tana kwaikwayon takardun da mutanen birnin suka manna a gicciye a jikin tagoginsu saboda ruwan bama-bamai, yayin da masana tarihin masana'antar suke nuni da cewa akwai makamancin zanen a kayan cin abincin Sarauniya Elizabeth ta Rasha tun ƙarni na 18. Bayanin farko ne ya fi yawo a bakin 'yan kasuwa.

Allach da gardamar halaccin ciniki

A nan ne batun ya fi zafi. Allach ƙaramar masana'anta ce da aka kafa kusa da birnin Munik na Jamus a tsakiyar shekarun 1930, wadda SS, rundunar 'yan Nazi ta musamman ƙarƙashin Heinrich Himmler, ta mallake. Daga baya aka mayar da aikinta Dachau, dab da sansanin gwale-gwale, inda aka riƙa tilasta wa fursunoni aiki a cikinta. Kayanta sun haɗa da mazubin kyandir da Himmler yake ba jami'ansa kyauta da siffofin sojoji, amma da yawansu karnuka ne da barewa da tsuntsaye farare tas, waɗanda mai kallo ba zai ga wani aibu a jikinsu ba sai ya juya gindi ya ga tambarin SS. Sojojin Amurka da suka 'yantar da Dachau a ƙarshen Afrilun 1945 da sauran waɗanda suka zauna a yankin sun tafi da wasu gida. A yau kaya ɗaya na Allach yakan kai dubban yuro.

Masu goyon bayan cinikin suna cewa abu ba shi da laifi, kuma hana sayar da shi a fili ba zai ɓatar da shi ba, sai dai ya tura cinikin ƙarƙashin ƙasa inda ba mai sa ido. Sukan ƙara da cewa gidajen tarihi da masu bincike su ma a wurin gwanjo suke samun kaya, kuma yawancin masu saye masu sha'awar tarihi ne. Masu adawa, ciki har da ƙungiyoyin Yahudawan Turai, suna cewa ba wanda zai iya tantance zuciyar mai saye, kuma tsadar kayan ta samo asali ne daga tambarin SS ɗin kansa, wanda ke nufin ana cin riba daga gumin fursunonin da ba a biya ba. Hujjar ɓangaren farko ta fi ƙarfi a kan kayan da ke da amfani ga bincike. Ta fi rauni a kan siffar barewar da gidajen tarihi sun riga sun mallaki irinta. A watan Nuwamban 2019, da kamfanin gwanjo na Hermann Historica a Munik ya sa kayan Hitila a kasuwa, wani ɗan kasuwa ɗan asalin Labanan mazaunin Suwizalan, Abdallah Chatila, ya sayi na kimanin yuro 600,000 ya bayar da su kyauta, suka ƙare a Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan kiyashin Yahudawa da ke Ƙudus. An yaba masa, sai dai wasu sun lura cewa irin wannan saye ma yana ɗaga farashi.

Dokoki sun bambanta. Sashe na 86a na kundin laifuffukan Jamus ya haramta nuna alamomin 'yan Nazi a bainar jama'a ko yaɗa su, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara uku, amma ya keɓe ilimi da bincike da fasaha, kuma ajiye abu a gida ba laifi ba ne. Ostiriya da Faransa suna da nasu hane-hanen. A shekarar 2000 wata kotun Faris ta umarci kamfanin intanet na Yahoo ya toshe wa Faransawa gwanjon irin waɗannan kaya, eBay kuma ya hana sayar da su a 2001. A Amurka kundin tsarin mulki ya kare cinikin a ƙarƙashin 'yancin faɗin albarkacin baki.

Kayan da yaƙi ya raba da masu su

Tangaran da Sotheby's ya sayar a 2021 na masana'antar Meissen ne, na ƙarni na 18. Franz da Margarethe Oppenheimer ne suka tara su a Balin, kafin su gudu zuwa Ostiriya a 1936, su sake gudu a 1938 da 'yan Nazi suka shigo ƙasar. Kayan suka faɗa hannun Fritz Mannheimer, wani ma'aikacin banki a Amsterdam da ya rasu a 1939, daga nan 'yan Nazi suka mallake su domin gidan tarihin da Hitila yake shirin ginawa. Bayan yaƙi dakarun ƙawance suka gano su aka mayar Holan, inda akasarinsu suka shafe shekaru a gidan tarihi na Rijksmuseum. A 2019 kwamitin mayar da kaya na Holan ya yanke cewa ma'auratan sun rabu da kayan ne bisa tilas, aka miƙa wa magada, kuma a wurin gwanjon Rijksmuseum ya sake sayen fiye da rabinsu da kuɗi.

Tushen irin wannan hukunci shi ne ƙa'idojin Washinton na 1998 kan kayan fasahar da 'yan Nazi suka ƙwace, da ƙasashe 44 suka amince da su, waɗanda aka faɗaɗa bayaninsu a 2024 ya ƙunshi cinikin da mutum ya yi cikin matsin tsangwama. Ƙa'idojin ba doka ba ne, kuma sun fi aiki a kan gidajen tarihi na gwamnati. Abin da soja ya ɗauko daga gidan da aka gudu aka bari ya fi wuyar sha'ani. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta haramta wawashe dukiyar fararen hula, amma faranti ba kamar zanen hannu ba ne da ake da guda ɗaya tak. Masana'anta ta fitar da dubbai irinsa, don haka da wuya magaji ya iya tabbatar da cewa wannan ne na kakarsa.

Abin da ya shafi magada

Ga mafi yawan iyalai, tasirin duk wannan bai wuce abubuwa kaɗan ba. Manyan kamfanonin gwanjo a yau sukan nemi bayanin inda tsohon tangaran Turai mai tsada ya kasance tsakanin 1933 da 1945, kuma giɓi a waɗannan shekaru yana iya sa su ƙi karɓar kaya. Wanda ya gaji kayan Allach a Amurka yana iya sayarwa a can, amma tallata shi ga masu saye a Jamus da hoton tambarin a fili na iya jawo masa shari'a. Wasiƙar soja ko hoton da ya zo tare da kofi yakan fi kofin kansa amfani ga gidajen tarihi, kuma raba su wajen rabon gado yana rage darajar duka biyun.

Akwai kuma batun lafiya. Tsofaffin ruwan ƙyalli da fentin ado da yawa suna ɗauke da dalma, wadda abinci mai tsami ko zafi yake iya jawowa, kuma Amurka ba ta fara ƙayyade yawanta a kayan cin abinci ba sai a farkon shekarun 1970. Shi ya sa hukumomin lafiya suke ba da shawarar kada a riƙa ci ko sha da tsofaffin kaya masu zane, musamman idan ƙyallinsu ya tsattsage. Gurnetin yumɓu kuwa, idan bakinsa a toshe yake, 'yan sanda ake kira su duba shi kafin a yi maganar kai shi wurin dillali.